Ashe Direbobin Maigidana Ne Masu Karatuna

Anti Lubabatu,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke damuna ba na kai wa mahaifiyata ba ne, ba na ƙawaye ba ne, wanda kuma na saba kai wa kukana shi ne a tsakiyar maganar. Duk sunayen da za ki gani na canza su, saboda Zongo ƙaramin wuri ne, kowa ya san kowa.

Ba zan manta da Asabar ɗin da na hau zemijan, wato acaɓarmu ta nan, na ƙetare gada zuwa Akpakpa ba. Na sha sabon ɗinki, ina bayan babur ina kallon ruwa ina murmushi ni kaɗai, ina ganin kaina marubuciya mai dubban masu karatu. Da na dawo ko kuɗin mai babur sai da ya tuna mini. Amma bari in faro miki daga tushe.

Haifaffiyar Zongo ce ni a nan Kotonu. Lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, na yi, karatun Hausa kuwa a littattafan soyayya na koye shi, waɗanda 'yan kasuwa ke sako wa yayata cikin kaya daga Najeriya. Tun ina yarinya ake yi mini faɗa a kansu. Bayan na yi aure ma ban daina ba, sai dai na koma karantawa a waya. Shinkafar da na ƙona saboda jarumi ya tsaya a ƙofar gida bai shiga ba, Allah kaɗai ya san yawanta. Maigidana bai taɓa ɗaga mini murya a kan haka ba. Dariya yake yi, ya kankare ƙanzon ya ce shi dama ya fi so.

Aikinsa a tasha ne. Shi ke tsara lodin motocin da ke zuwa arewa, Paraku, Kandi, har Malanbil, kuma babu direban da ke tashi sai ya karɓi takarda daga hannunsa. Ba mai karatu ba ne. In na karanta masa labari, kafin a kai ga gaisuwar iyaye ya fara gyangyaɗi.

Abin da ya sa na fara rubutu shi ne, duk labaran da nake karantawa a Kano ake yin su ko Kaduna ko Abuja. Ban taɓa cin karo da yarinyar da ke tattare zaninta tana ratsa ruwan sama a lungun Zongo ba, ko wadda ke ciniki da Hausa a nan, ta juya ta yi da Faransanci a can. Na ce to ni zan rubuta ta. Maigidana ya kai ni wurin wani Taofik mai shago a Vêdoko, ya buɗe mini shafi a intanet. A nan na yi kuskuren da ban san kuskure ba ne. Na sha ganin yadda ake kwafe labarin mutum a zuba a zaurukan waya a cire sunansa, don haka na ce kada a sa rubutuna a matsayin rubutu, kowane babi a mayar da shi hotuna, yadda ba mai iya kwafa. Taofik ya ce ba haka ake yi ba. Na kafe. Ya ɗaga kafaɗa ya yi mini yadda nake so, ya kuma maƙala wani ɗan kwantar a ƙasan shafin, mai nuna yawan shiga.

Makonnin farko lambar nan kamar an ɗaure ta. In duba da safe, in duba da rana, in duba ina tuƙa tuwo. Wata rana maigidana ya dawo ya tarar ban ci abinci ba, idanuna sun kumbura. Na ce masa ni dai na haƙura, ba mai son rubutuna. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallon lambar.

Ba a daɗe ba ta fara tashi. Ɗari, ɗari biyar, dubu. Anti, in na ce miki na yi farin ciki ban faɗi komai ba. Na riƙa ƙirƙira wa masu karatun nan fuska. Akwai wata budurwa a Damagaram da na tabbatar tana karanta ni a ɓoye, akwai wata matar aure a zangon Kumasi, har suna na raɗa musu. Domin su nake rubutu. Na lura ba wanda ya taɓa barin saƙo, ko na yabo ko na zagi, amma na ce wa kaina kunya ce irin ta mata. Kullum da yamma maigidana yana cire takalmi zai tambaye ni yau an kai nawa, in gaya masa, ya yi ta murna kamar shi aka yi wa kyauta.

Da lambar ta haura dubu arba'in, bakina ya kasa riƙewa. A wani taron suna na faɗa a gaban mata, har na zagaya da wayar ana gani. Cikin waɗanda suka gani akwai Hajiya Mamata, gwaggon maigidana, wadda ta riƙe shi tun yana ƙarami. Atamfa da leshi take sayarwa a kasuwar Misebo. Ta ce tunda Allah ya ba surukarta jama'a haka, a sa hotunan kayanta a shafin. Washegari ta aiko mini da turmi biyu na atamfa mai tsada. Ɗaya shi na ɗinka na sa ranar Asabar ɗin nan. Ta kuma shiga gaya wa abokan kasuwancinta, sannan ta ce kayan sallar bana za ta ƙaro fiye da yadda ta saba, saboda masu karatuna.

Ita ce ma ta tambaye ni a waɗanne garuruwa mutanen nan suke, don ta san yadda za ta riƙa aika musu kaya. Ban sani ba. Sai na nemi Zouliha, ƙawata tun lakwal, wadda ta karanci anformatik, wato ilimin kwamfuta, take aikin gina shafuka. Ta sa wa shafina wani ma'auni irin wanda suke amfani da shi a wurin aiki, ta ce in ba shi mako biyu in zo mu duba. Zuwan da na yi Akpakpa ke nan.

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani a hankali, kamar mai shirin faɗin rasuwa. Ta ce kwantar ɗin Taofik ba mutane yake ƙirgawa ba, buɗewa yake ƙirgawa. In mutum ɗaya ya sabunta shafin sau goma, goma zai rubuta. Nata ma'aunin kuwa yana bambanta waya da waya, yana nuna shafin da aka shiga da tsawon zaman da aka yi. Wayoyin da ke shigowa kullum ba su wuce talatin da 'yan kai ba. Dukkansu a shafin farko suke tsayawa, ba sa buɗe babi ko ɗaya, kuma kafin a ce kwabo sun fita. Ta nuna mini zanen lokutan shiga, tozo biyu kamar an ɗora raƙumi a kan allo, ɗaya bayan sallar asuba, ɗaya bayan la'asar. Ta tambaye ni ko na san abin da ke faruwa a waɗannan lokutan. Na ce ban sani ba. Amma matar mai tsara lodi ba za ta kasa sanin lokacin da motocin arewa ke tashi ba.

Na yi ta gaya wa zuciyata zato ne. Bayan kwana kaɗan wani direba, Mounkaïla, ya kawo mana doya daga Paraku, maigidan ba ya nan. Cikin raha yake gaya mini ai su ma suna cikin aikina, patoro, wato maigidana, ba ya miƙa wa kowa takardar tashi sai ya buɗe shafin madam ya ja shi ƙasa sau goma a gabansa, wanda ba shi da forfe, wato data, ma patoro ke saka masa. Sai ya tambaye ni wai me ke ciki ne, domin shi wayarsa ba ta taɓa gama buɗe hotunan ba. Na yi masa godiyar doya, na shiga ɗaki.

Akwai sauran abin da Zouliha ta nuna mini, wanda ban san ko daɗi zan ji ko ciwo ba. Akwai mutane na gaske da suka riƙa shigowa, ta hanyar 'yan ƙawayen da na tura wa. Yawancinsu sun buɗe babi na farko suka gudu, saboda hotunan suna da nauyi, suna cinye forfe, rubutun kuma ƙanana ne a kan waya sai an yi ta buɗa shi da yatsu. Ta ce injin bincike ma ba ya gane abin da ke cikin shafin yadda ya kamata, don haka mai neman labarin Hausa ba zai taɓa faɗowa kaina ba, kuma mai larurar ido da wayarsa ke karanta masa ba abin da zai ji. Wato da hannuna na rufe ƙofa don tsoron ɓarawo, baƙin ma suka rasa ta inda za su shiga. Waɗanda suka jure suka bi labarin har babi na ƙarshe ba su cika goma ba.

Yanzu ga ni nan. A littattafan da nake karantawa, a irin wannan wuri jaruma takan haɗa akwati ko ta faɗi a sume. Ni miya na ɗora. Ina zuba masa abinci ina kallonsa, wani lokaci in ji kamar in rungume shi, wani lokaci in ji kamar in kife masa kwanon. Ya mai da ni abin dariyar tasha, ko da su ba dariya suke yi ba. Ya bar ni na tsaya gaban mata ina alfahari da iska. Amma kuma na san kukana ne ya gani ya kasa jurewa, kuma abin da ke hannunsa ke nan, direbobi da takarda. Har yanzu yana tambayata an kai nawa, ni kuma ina amsa masa. Bai san na sani ba. Na daina rubutu, domin in na zauna budurwar Damagaram ba ta zuwa, Mounkaïla nake gani yana jan waya da babban yatsa.

Babban abin da ke hana ni sukuni shi ne Hajiya. Sallah na matsowa, kuma tana gab da yin odar kayan nan. In na yi shiru za ta zuba jarinta a kan mutanen da babu su. In na faɗa, za ta tambayi yadda aka yi, kuma amsar za ta zubar da girman ɗan da ta raina a gabanta. Ba na so ta riƙa kallonsa a matsayin mayaudari, ba na kuma so ya ce na kai ƙararsa.

Na dai yanke shawara ɗaya. Ranar Juma'a zan ɗauki turmin da ban ɗinka ba in mayar wa Hajiya, in gaya mata kada ta ƙaro kaya saboda ni. Abin da zai biyo baya ne ban san yadda zan yi da shi ba.

Taki,
Wata 'yar Zongo, Kotonu

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarki sau biyu. A karo na farko na yi dariya a wurin direbobin nan, ki yafe mini. A karo na biyu ban yi ba.

Shawarar da kika yanke daidai ce, amma ki gyara abu biyu a cikinta: wanda za ki fara zuwa wurinsa, da abin da za ki riƙe a hannu.

Kada ki je wurin Hajiya kafin ki yi magana da mijinki. In ya ji labarin daga bakin gwaggonsa, abin da zai tsaya masa a rai ba laifinsa ba ne, sai cewa kin tsallake shi. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ba a bakin ƙofa yana cire takalmi ba. Ki gaya masa kin sani, ki gaya masa yadda kika sani, kuma ki roƙe shi kada ya huce a kan Mounkaïla, domin bawan Allah bai san sirri ba ne. Ki fara da abin da yake gaskiya: kin gane tausayinki ne ya sa shi. Sannan ki faɗi ɗaya gaskiyar ba tare da kin rage mata nauyi ba, cewa abin ya ba ki kunya, ya kuma kusa jawo wa Hajiya asara. Fushinki yana da hujja. Ya ga lambar tana kai ki inda bai nufa ba, ya ji kin faɗa a taro, ya ji gwaggonsa na maganar oda, ya yi shiru. Nan ne kuskurensa ya fi girma, ba a ranar farko ba. Ina kyautata zaton shi ma yanzu a ɗaure yake, ya hau abin da bai san yadda zai sauka ba. Wataƙila maganarki ce za ta kwance shi.

Akwai kuma wani hakki da ba ki ambata ba. Direbobin nan a ƙarƙashinsa suke, ba su da ikon cewa a'a ga mai riƙe da takardarsu. Ko da raha suke yi, ba aikin da aka ɗauke su ba ne. Ya daina daga gobe, ba sai ya yi musu dogon bayani ba.

Game da Hajiya, ki ajiye turmin nan a gida. Babbar mace ta yi wa surukarta kyauta a idon jama'a, in kika mayar za ta ɗauka kin raina ta, maganar kuma ta koma ta atamfa alhali ta jari ce. Ki je hannu rabbana, kuma in son samu ne ku je tare. Abin da Hajiya ke da hakkin sani shi ne wannan: lambar da kika nuna ba ta mutane ba ce, an auna da ma'auni na gaskiya an ga masu karatun kaɗan ne, kada ta ƙaro kaya. Wannan duk gaskiya ne, kuma ya isa ya tsare mata dukiyarta. Sauran labarin na mijinki ne. In ta tambaya, shi ya kamata ya amsa da bakinsa. Kada ki yi masa ƙarya don ki rufa masa asiri, kada kuma ki riga shi magana. Macen da ta raini yaro ta san halinsa fiye da yadda kike zato, kuma 'yar kasuwa ta fi ganin girman wanda ya tsayar da ita kafin ta yi oda. In ya ƙi zuwa, ko ya ce a jira bayan sallah, ki je ke kaɗai ranar Juma'ar. Wannan ba ya jira.

Matan da kika nuna wa waya a wurin suna kuwa, ba sai kin bi su gida gida ba. Wadda ta tambaya ki ce an gano kwantar ɗin ba daidai yake ƙirga ba. Za a yi 'yar magana, wani sunan zai zo a manta.

Yanzu shafin. Ni ba gwanar wannan fanni ba ce, don haka na tambayi wanda ya sani, kuma bai saɓa wa ƙawarki ba ko kaɗan. Ƙa'idojin da masu gina shafuka ke bi ba don ado aka yi su ba. An yi su ne don shafi ya buɗe a ƙaramar waya kamar yadda zai buɗe a babba, ya buɗe wa mai ƙarancin forfe, ya kuma karantu ga wanda ba ya gani. Ki bar Zouliha ta mayar da babobinki rubutu na gaske, kowane babi da shafinsa da kansa, haruffa manya yadda ido zai huta. In za ki sa hoto, ya zama mara nauyi, da ɗan bayanin abin da ke cikinsa. Za a iya kwafe miki labari? Za a iya. Ai ko hoton ma mai niyya zai zauna ya sake bugawa. Ki sa sunanki a farkon kowane babi da ƙarshensa, ranar da kika wallafa kuma tana nan a shafin shaida ce. Dole ki zaɓa tsakanin labarin da za a iya sata da labarin da ba mai iya karantawa, kuma ina ganin kin riga kin ɗanɗana na biyun.

A cire kwantar ɗin nan daga idon jama'a gaba ɗaya. Ma'aunin Zouliha ya ishe ki, kuma ki riƙa duba shi sau ɗaya a mako, ba kina tuƙa tuwo ba. In kin duba, kada ki tsaya a kan yawan shiga. Ki duba mutum nawa suka kai ƙarshen babi, nawa suka dawo neman na gaba, a wane babi ake guduwa. Wannan shi zai gaya miki inda labarinki ya yi sanyi. Ki kuma buɗe wurin barin saƙo mai sauƙi, ki tambayi masu karatu ra'ayinsu kai tsaye.

Kin ce waɗanda suka bi ki har ƙarshe ba su cika goma ba, kin faɗe shi kamar abin kunya. Ki sake tunani. Mutanen nan sun jira hotuna masu nauyi, sun ƙona forfe ɗinsu, sun yi ta buɗa rubutu da yatsu, babi bayan babi, ba wanda ya tsare su da takarda. Ban san ko rubutunki zai yi nisa ba, ba zan kuma yi miki alkawarin dubbai ba, an riga an yi miki wannan sau ɗaya. Abin da na sani shi ne ba a taɓa gwada shi da gaske ba tukuna. Ki koma ki ƙarasa musu labarin.

Allah ya sanyaya maganarku ke da maigidanki, ya tsare wa Hajiya kasuwarta, ya sa hannunki ya sake a kan rubutu.

Anti Lubabatu